Tarihin Waya Ta Huɗu

A ƙasar Amurka gidan manomi yakan ƙunshi gine-gine da dama. Akwai ɗakunan da shi da iyalinsa ke kwana, can baya kuma ga rumbu, ga ɗakin ajiye mota, ga kuma babban ɗakin da ake tatsar shanu. Ma'aikatar lantarki ba ta bin waɗannan gine-gine ɗaya ɗaya ta sa musu wuta. Iyakacinta ta kawo waya bakin gida, ta kafa mita, sa'an nan maigida ya nemo ma'aikaci ya ja masa daga nan zuwa sauran. To, a kan wannan 'yar tazara, wadda sau da yawa ba ta fi taki hamsin ba, masanan ƙasar suka yi shekaru masu yawa suna jayayya: waya uku za a ja, ko kuwa huɗu? Ba su yanke magana ba sai cikin shekara ta 2008. Wanda ya ji haka daga nesa sai ya ce abin bai taka kara ya karya ba, amma kafin a kai ga wannan hukunci mutane sun mutu, dabbobi sun wahala, an kuma sake littafin dokar lantarki sau da yawa.

Kafin a shiga labarin, wajibi ne mai karatu ya riƙe abu guda. Wutar lantarki ba ta tafiya sai ta sami hanyar komowa inda ta fito. Saboda haka kowace fitila tana bukatar waya biyu: wadda ke kawo wutar, da wadda ke mayar da ita. Ta farin ita ce waya mai wuta. Ta biyun ita ce wayar komowa, wadda ma'aikata ke kira nutural. Akwai kuma wata dabam da ake ɗaurawa a jikin ƙarfen kayan aiki, kamar firji da injin niƙa da famfon rijiya, wadda ba ta ɗaukar wuta ko kaɗan sai ranar da wani abu ya ɓaci. Ita ce wayar ƙasa. Ana auna ƙarfin turin wuta da bolt, yawan wadda ke gudana da amfiya, ƙuncin hanyar da take bi kuwa da om. Duk gardamar da za a ba da labarinta a kan waɗannan biyu na ƙarshe take, watau wayar komowa da wayar ƙasa: a ina ya kamata su haɗu, a ina kuma ya kamata a raba su.

Asalin sanin amfanin ƙasa daga aradu aka samo shi. Wani mutumin Filadalfiya, Benjamin Franklin, wanda sana'arsa ta fari buga littattafai ce, ya yi tunani cewa walƙiya da 'yar wutar da masana ke ƙyastawa a ɗakunan gwajinsu duk abu ɗaya ne. Cikin shekara ta 1752 aka jarraba maganarsa a Faransa da dogon sandan ƙarfe, aka tarar gaskiya ce. Daga nan ya ba da shawara a kafa tsinin ƙarfe a bisa dogayen gine-gine, a ja waya daga gare shi har cikin ƙasa mai damshi, domin in aradu ta faɗo ta bi wayar ta wuce, ba ta taɓa ginin ba. Shekarar da ta biyo, watau 1753, wani masani mai suna Richmann a birnin San Fitasbag na ƙasar Rasha ya kafa nasa sandan, ya jawo wayar har cikin ɗakinsa don ya auna, amma bai kai ta ƙasa ba. Hadari ya taso, ya matsa kusa yana dubawa, wuta ta yi tsalle daga ƙarfen ta same shi a goshi, nan take ya mutu. Labarin ya bazu ko'ina cikin Turai, kowa ya gane ƙarfen da ba shi da hanya zuwa ƙasa yakan mai da mutum hanyarsa.

Bayan wannan da shekara 85 aka gano wani amfani kuma. Cikin 1838 wani Bajamushe, Steinheil, yana neman yadda zai rage tsadar wayar tangaraho, sai ya gwada aika saƙo ta ƙarafan hanyar jirgin ƙasa da ke tsakanin Nurambag da Furt. Gwajin bai yi ba, don wutar tana tsiyayewa daga ƙarfen dogo zuwa cikin ƙasa. Amma daga wannan hasara ya gane ashe ƙasa kanta tana ɗaukar wuta. Ya binne farantin ƙarfe a wannan tasha, ya binne wani a waccan, ya ja waya guda tak tsakaninsu, saƙo kuwa ya tafi. Nan da nan masu tangaraho na duniya suka rungumi dabarar, gama ta rage musu rabin kuɗin waya. Da tarho ya fito, shi ma aka fara ja masa waya guda, ƙasa ta zama ta biyun.

Daga waɗannan abubuwa biyu wani zato ya shiga zukatan mutane, wanda har yau bai fita sarai ba, cewa ƙasa wani rami ne marar iyaka da ke haɗiye kowace irin wuta, in dai an kafa ƙarfe a cikinta shi ke nan an tsira. Ga aradu zancen yana kusa da gaskiya. Ga wutar da inji ya haifar kuwa kuskure ne, gama ita injinta take nema, ƙasa hanya ce kawai cikin hanyoyi, kuma ba ta zaɓen hanya guda ta bar saura. Kamar ruwan da aka sako a lambu take: babbar kwata ta ɗauki mai yawa, ƙanana su ɗauki kaɗan kaɗan, amma duk inda ya sami kafa sai ya bi. Biranen Turai da Amurka sun ga haka da idonsu sa'ad da aka kawo taragun lantarki masu yawo a titi. An shirya wutar ta komo ta ƙarfen dogonsu, sai wani kashi nata ya sauka ya bi bututun ruwa da na gas da ke binne a gefe, yana cin ƙarfensu har suka huje. Masu tarho kuma suka riƙa jin ƙugi a kunne maimakon magana, dole suka koma jan waya biyu. A Ingila sai da gwamnati ta kafa doka cikin 1894, ta ƙayyade kada bambancin turi a tsawon dogon tarago ya wuce bolt 7.

Ita wayar komowa irin ta gidajen Amurka, tsadar jan ƙarfe ce ta haife ta. Ran 4 ga Satumba 1882 Thomas Edison ya buɗe tashar wutarsa a titin Pearl cikin birnin Niyu Yok, yana ba fitilu wuta mai turin bolt 110 da waya biyu. Wayoyin sai sun yi kauri ƙwarai, kuɗin jan ƙarfe kuwa ya nemi cinye ribar. Shi da wani masanin Ingila, John Hopkinson, kowa a nasa wuri, suka fito da dabara guda: a jera inji biyu, a ja waya mai wuta daga kowane gefe, a fitar da ta uku daga tsakiyarsu. Rabin fitilu su rataya tsakanin ta dama da ta tsakiya, rabi tsakanin ta hagu da ta tsakiya. In gefe ɗaya ya ja amfiya 10, ɗayan ya ja 7, ta tsakiya 3 kaɗai za ta ɗauka, in kuwa sun yi daidai ba ta ɗaukar komi. Don haka Turawa suka sa mata suna mai ma'anar 'yar ba-ruwana. Cikin 1883 Edison ya kafa wannan tsari a garin Sanbari na jihar Fensilbaniya, ya kuwa rage fiye da rabin jan ƙarfen da ake bukata. Gidajen Amurka har yanzu a kan wannan fasali suke, waya mai wuta biyu da ta tsakiya guda, bolt 120 a kowane gefe, 240 tsakanin na bakin biyu.

Ba a daɗe ba aka shigo da taransifoma, aka riƙa jan wuta mai turin bolt dubu ko fiye a kan turakun titi, a rage ta a bakin unguwa. Sai wata sabuwar masifa ta bayyana. Kadan rufin wayar cikin taransifoma ya ƙone, ko iska ta kayar da babbar waya a kan ƙarama, sai dubban bolt su kwararo cikin gida ba wanda ya sani. Fitila tana ci kamar kullum, mutum ya miƙa hannu zai kashe ta, ya faɗi matacce. Tun cikin 1885 wani masani mai suna Elihu Thomson ya nuna maganin abin: a ɗaure wayar komowa da ƙasa, domin in babbar wuta ta kutso ta sami hanya, fis ya ƙone, a huta. Amma kamfanonin inshorar gobara suka ƙi. Hujjarsu ita ce, in aka ɗaure waya guda da ƙasa, ko wace 'yar ɓarakar da ta sami ɗayar za ta haifar da tartsatsi, tartsatsi kuwa gobara ne, gobara kuwa su ke biya. Ba su yi ƙarya ba, sai dai su gini suke lissafi, masanan kuma rai. Su masu inshorar ne ke da babban hannu cikin littafin dokar lantarki na Amurka, wanda aka fara bugawa cikin 1897, saboda haka maganar ta ja. Cikin 1901 aka yarda wanda ya so ya ɗaure. Sai cikin 1913 aka mai da shi tilas ga irin wutar da ake shigarwa gidaje. Tsakanin shawarar Thomson da zamanta doka shekara 28 ke nan.

Wannan ya toshe ƙofa guda, ya bar wata a buɗe. Tun da an ɗaure gefe guda na wutar da ƙasa, duk wanda ke tsaye a ƙasa ya riga ya riƙe waya ɗaya da tafin ƙafarsa, saura ɗaya kawai. In rufin waya mai wuta ya goge a cikin injin wanki ta taɓa jikinsa, jikin injin ya zama waya mai wuta, yana jiran mai taɓawa. Sai aka ce, to, a ɗaure jikin kowane inji da ƙasa shi ma. A nan ne zaton nan na dā ya yi ɓarna, don mutane da yawa sun ɗauka in sun kafa sandan ƙarfe a gindin bango sun ɗaura masa waya, aiki ya ƙare. Lissafi kaɗan ya isa ya nuna ba haka ba ne. Dokar Amurka tana karɓar sanda guda mai tsawon ƙafa 8 kadan ƙuncin hanyarsa bai wuce om 25 ba. A raba bolt 120 gida 25, abin da zai gudana bai kai amfiya 5 ba. Fis ɗin gida kuwa na amfiya 15 ne ko 20. Watau fis ba zai ko yi ɗumi ba, wutar za ta yi ta tsiyaya cikin ƙasa dare da rana, jikin injin kuma yana nan da wutarsa. Mutum kuwa kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ya isa ya tsai da zuciyarsa.

Abin da ke ceton rai shi ne hanya ta ƙarfe zalla, mai faɗi, daga jikin injin har komawa taransifoma, yadda in ɓaraka ta auku wuta za ta kwarara da ɗaruruwan amfiya, fis ya ƙone kafin ƙiftawar ido. Don samun wannan hanya aka tsara a tattaro wayoyin ƙasa na dukan gida a kawo su babban akwatin wuta da ke kusa da mita, a nan a ƙulla su da wayar komowa, a kuma ƙulla duka da sandan da ke cikin ƙasa. Sandan yana da nasa aiki, na aradu da na babbar wuta in ta kutso. Ƙullin kuwa shi ke sa fis ya yi aikinsa. A hankali aka shigar da wannan cikin ɗakuna: dokar 1947 ta nemi soket mai rami uku a wurin wanki, ta 1962 ta neme shi a ko'ina cikin sabon gida.

Neman kyakkyawar ƙasa ma ya ba da nasa wahala. Da fari bututun ruwan gari aka dogara gare shi, don ƙarfe ne mai tsawon mil da yawa a binne, har aka zo aka fara musanya shi da na roba, dogaron ya rushe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma sojan Amurka suka gina rumbunan bom a hamadar Arizona, inda ƙasa ta bushe ƙamas, sanda ba ya kama komi. Wani injiniya mai suna Herbert Ufer ya lura kankare yana riƙe damshi, ya sa aka binne waya cikin harsashin ginin tun ana zuba shi. Dabarar ta yi kyau, ta shiga doka cikin 1968, har yau kuma da sunansa ma'aikatan can ke kiranta.

Yanzu a komo ga gini na biyu. Cikin gida guda doka ta daɗe da bayyana: bayan ƙullin nan na bakin mita, wayar komowa da wayar ƙasa ba su sake haɗuwa. Amma ga ginin da ke ware, shekaru da yawa doka ta ba da sauƙi. An yarda a ja waya uku kawai, masu wuta biyu da ta komowa, in an isa can a kafa sabon sanda, a sake ƙulla wayar komowa da jikin akwati, kamar dai ma'aikatar lantarki ce ta kawo sabuwar wuta. Wayar komowa ta zama tana aiki biyu ke nan, tana mayar da wutar yau da kullum, tana kuma tsaron rai. Dalilin sauƙin a fili yake. Rumbu yana iya zama taki ɗari biyu daga gida, waya ta huɗu mai kauri a wannan tsawo kuɗi ne sosai, manomi kuwa ba ya son biyan kuɗin wayar da aka ce masa ba za ta ɗauki wuta ba. Irin wannan sauƙi aka yi wa murhun lantarki da injin busar da tufafi tun shekarun yaƙi, sa'ad da jan ƙarfe ya yi wuya, aka bari a ɗaure jikinsu da wayar komowa.

Araha dai ba ta ado. Aibin farko shi ne, da wuya a sami gini biyu a gida ɗaya da ba wani ƙarfe tsakaninsu sai wayar wuta. Akwai bututun ruwa, akwai na gas, akwai wayar tarho, daga baya ga ta talabijin, wani lokaci har shingen ƙarfe. Da zarar an ƙulla wayar komowa da ƙasa a nan, an kuma ƙulla a can, duk waɗannan sun zama 'yan'uwanta, wutar komowa ta rabu ta bi su, daidai yadda ta yi wa bututun birane a zamanin taragu. Mai gyaran famfo ya zo ya kwance gaɓar bututu, ya riƙe wannan gefe da hannun dama, wancan da hagu, wutar da ke bin bututun ta ratsa ƙirjinsa, alhali bai taɓa wayar lantarki ba, bai ma san akwai ta a kusa ba.

Aibi na biyu ya fi muni. Waya tana tsufa, gaɓarta takan yi tsatsa, reshen itace yakan faɗo mata, mai haƙa rami yakan sare ta. In waya mai wuta ce ta tsinke, fitila ta mutu, kowa ya sani. In wayar ƙasa ce ta tsinke, tsaro ya tafi, amma ba abin da zai faru sai wata ɓaraka ta biyu ta zo. In kuwa wayar komowa mai aiki biyu ce ta tsinke, a wannan lokacin wutar da ta shiga ginin ta rasa hanyar gida, sai ta bi ƙullin ta hau jikin akwati, da jikin kowane inji, da famfo, da ƙofar ƙarfe, tana jiran wanda zai tsaya a jiƙaƙƙen daɓe ya taɓa. Ba fis ɗin da zai ƙone, gama a wurinsa ba abin da ya wuce kima. Sandan da aka kafa kuwa an riga an ga iyakar ƙarfinsa.

Ko wayar ba ta tsinke ba, doguwar waya mai ɗauke da wuta takan sami ɗan bambancin turi tsakanin bakinta biyu, bolt ɗaya ko biyu ko uku. Mutum mai takalmi ba ya jin wannan. Saniya tana ji. Tana tsaye da kofato huɗu a kan jiƙaƙƙen siminti, ta sa danyen hancinta cikin kwamin ruwa na ƙarfe, sai ta ji tsuku. A jihohin Amurka masu kiwon shanun madara, musamman Wiskonsin, cikin shekarun 1970 da 1980 manoma suka yi ta kuka: shanu suna lasar ruwa kamar kyanwa maimakon su kafa kai su sha, suna ƙin shiga ɗakin tatsa, suna harbi, suna riƙe nono. Wasu suka zargi abinci, wasu likitan dabbobi, kafin a gane wuta ce. Aka yi ta shari'a tsakanin manoma da ma'aikatun lantarki, gama wani kashi na wutar daga wayar komowa ta kan titi yake zuwa, wani kuma daga tsarin wayoyin gonar kanta, kowane ɓangare yana tura laifi ga ɗaya. Cikin 1996 hukumar da ke lura da ma'aikatun lantarki ta Wiskonsin ta sa iyaka: kashi 2 cikin dubu na amfiya a jikin saniya, wanda ya yi daidai da bolt guda. Cikin magungunan da aka yi ta ba manoma har da jan waya ta huɗu zuwa ɗakin shanu, da shimfiɗa ragar ƙarfe cikin simintin daɓe a ɗaure ta da dukan ƙarafan ɗakin, don kofato da hanci su zama a kan turi ɗaya.

Littafin dokar Amurka duk shekara uku ake sake shi, kowa kuma yana da ikon aika shawara, saboda haka gyaran ya zo da kaɗan kaɗan. Bugun 1996 ya soke sauƙin da aka yi wa murhu da injin busar da tufafi, ya ce sabon aiki sai da waya huɗu. Ga gini na biyu kuwa aka fara da gindaya sharuɗɗa: ba a yarda da waya uku ba sai in babu wani ƙarfe ko ɗaya da ya haɗa gine-ginen. Sharaɗin yana da kyau a takarda. Amma mai duba aiki ranar da aka gama kaɗai yake zuwa, ba ya nan bayan shekara biyu sa'ad da maigida zai ja bututun ruwa zuwa rumbu, ko yaransa su ja wayar talabijin. Doka da ta dogara ga abin da ba wanda zai tsare, rabin doka ce. Masu tsara littafin suka gane haka, bugun 2008 ya rufe ƙofar: duk sabon jan wuta zuwa ginin da ke ware sai da wayar ƙasa tata ta kanta. A can ginin ana kafa sanda har yanzu, amma da wayar ƙasa ake ɗaure shi, wayar komowa kuwa a zaunar da ita a kan maɗaurin da bai taɓa jikin akwati ba. Tsofaffin ayyuka da aka yi bisa dokar dā an bar su, muddin sharuɗɗan nan suna nan a cike.

Ingila ta bi wata hanya, ta kuwa iso kusa da wuri ɗaya. Littafin ƙa'idodinta ya girmi na Amurka, don cikin 1882 aka fara buga shi, yana 'yan shafuka kaɗan, yau kuwa bugu na 18 ake aiki da shi, wanda ya fito cikin 2018. Can ma ma'aikatun lantarki sun ga arahar haɗa aiki biyu a waya guda, suna kawo ta haka har bakin gidaje da yawa, suna ɗaure ta da ƙasa wuri wuri a kan hanya don rage hatsarin tsinkewa. Amma dokar 2002 ta hana mai gida haɗa ayyukan biyu a waya guda cikin nasa wayoyin, ta kuma hana ma'aikata ɗaura irin wannan waya ga jikin jirgin ruwa ko ɗakin kwana mai ƙafafun mota, gama mai shiga waɗannan yakan taɓa ƙarfe ƙafarsa tana ƙasa ko cikin ruwa. Ga ɗakin da ke bayan gida, ma'aikacin Ingila yakan zaɓi ɗayan biyu: ko ya kai wayar ƙasa ta babban gida can da kaurin da ya isa, ko ya yanke ta sarai ya kafa wa ɗakin sandansa.

Wannan zaɓi na biyu da ba zai yiwu ba, bisa lissafin da aka yi a baya, in ba don wata na'ura ba. Ita na'urar auna wutar da ta fita take yi da wadda ta komo, in ta ga sun bambanta ta san wani kashi ya bi wata hanya, watakila jikin mutum, sai ta katse nan take. An fara kyautata irinta a Afirka ta Kudu cikin shekarun 1950 saboda ramukan haƙar zinariya. A Amurka kuma wani malamin jami'ar Kalifoniya, Charles Dalziel, wanda ya yi shekaru yana auna yawan wutar da mutum ke iya jurewa kafin hannunsa ya ƙi sakin waya, ya ƙera tasa cikin 1961. Ta Ingila takan katse a kashi 30 cikin dubu na amfiya, ta Amurka a wajen kashi 5. Ita ma na'urar ba ta jure ƙulli na biyu. In aka haɗa wayar komowa da ta ƙasa a bayanta, wuta ta rabu biyu, lissafinta ya ɓaci, ta yi ta katsewa ba dalili, har maigida ya gaji ya sa a cire ta.

Nijeriya tsarin Ingila ta gada. Wutar lantarki ta fara kamawa a Ikko cikin 1896, turinta a gidaje bolt 230 ne, filogi mai ƙafa uku da ake gani a Kano da Akara kuwa shi ne wanda Ingila ta fitar cikin 1947, doguwar ƙafarsa ta sama ita ce ta ƙasa, an tsawaita ta don ta riga sauran shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita. Gidan Bahaushe kuma, da zaurensa da turakarsa da ɗakunan mata da shagon da ke fuskantar titi, gine-gine ne a ware masu shan wuta daga mita guda, watau ainihin abin da aka yi gardamar a kansa. Da rani ƙasar Arewa takan bushe kamar ta Arizona, shi ya sa ma'aikata ke zuba gawayi da gishiri a ramin sanda, ko da yake gishirin da ke taimakon wutar shi ne kuma ke cin ƙarfen a hankali. Ko an sami om 25, a turin bolt 230 abin da zai gudana bai kai amfiya 10 ba, fis ɗin cikin filogi kuwa yakan kai 13.

A Amurka yau, in an sayi sabon akwatin rarraba wuta, akan tarar da wata 'yar kusa mai bori, koriya, a cikin ƙaramar jaka an manna ta a jikinsa. Ita ce ke ƙulla maɗaurin wayar komowa da jikin akwatin. Kamfani ba ya ɗaura ta, don bai san inda za a kafa akwatin ba. In a bakin mita ne, ma'aikaci ya murɗa ta ya ɗaure tam. In kuwa a rumbu ne, ko ɗakin mota, ko ɗakin shanu, sai ya bar ta cikin jakarta, mai duba aiki kuma in ya zo, cikin abubuwan da yakan fara leƙawa har da ramin kusar nan, ya ga ko a wofi yake.